Kiwon turke yana canza tsokar sa, ko kitse kawai yake ƙara masa?

MaiTurke_Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai gardamar da ake yawan yi a kara da kwata, ina so masana su warware mana ita. Wasu na cewa san da aka ɗaure a turke wata uku ana ba shi dusa da harawa, kitse da ruwa kawai ya tara, tsokarsa tana nan yadda ta zo, har ma wai naman san daji ya fi nasa gina jiki. Wasu kuma sun ce a'a, abincin yana taɓa ita kanta tsokar, shi ya sa naman turke ya fi laushi kuma bai kai na daji duhu ba. To abin da sa ya ci yana canza furotin ɗin da ke cikin tsokarsa ko kuwa? In yana canzawa, ta ina, kuma cikin kwana nawa?

Malam_Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam MaiTurke, sai an fara raba maganar gida biyu, don kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya.

Tsokar sa, in an cire kitsen da ido ke gani, kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, kusan kashi 20 furotin, sauran ɗan kitse ne da gishirin jiki. Furotin ɗin kuma ba iri ɗaya ba ne. Fiye da rabinsa zaren da ke miƙewa yana takurewa ne, wato mayosin da aktin, su ne ke motsa dabbar. Kusan kashi uku cikin goma narkakke ne a ruwan tsokar, a nan mayogulobin yake, wanda ke ba nama launin ja. Sauran shi ne kolajin, farar yanar nan da jijiyar da ke naɗe tsoka.

Abinci ba ya canza ginin mayosin ko na aktin. Mayosin ɗin Bunaji da ya ci gamba a Ladduga da na wanda ya ci dusar alkama a Rigasa tubalinsu ɗaya, domin gado ne ke tsara shi. Ga kuma tumbi: yawancin furotin ɗin da sa ya haɗiya ƙananan ƙwayoyi masu rai da ke cikin tumbinsa ne ke rushe shi, su gina nasu jikin da shi, sannan shi san ya narkar da su a hanji. Ke nan ko harawa ya ci ko kek ɗin auduga, abin da ke isa jininsa ya kusa zama iri ɗaya. Abin da abinci ke canzawa shi ne yawan tsokar, da irin zaren da ya fi yawa a cikinta, da saurin rushe tsohon furotin a gina sabo, da yanayin kolajin, da sukarin da ke ajiye a tsoka ranar yanka. Kuma waɗannan ne mai saye ke ji a bakinsa.

Mahauci_TudunWada:
Malam ya yi bayani. A kan teburin fawa ma abin a fili yake. Naman daji ja ne mai duhu, kitsensa rawaya-rawaya, wuƙa na jin tauri wajen ratsa shi. Na turke ja ne mai haske, kitsen fari, tsakanin tsoka da tsoka akwai ɗan maiƙo. Ka aza cinya biyu gefe da gefe, yaron da ya yi wata shida a sana'a zai nuna maka wanne ne wanne.

BabanZahra:
To amma duhun nan ba rashin zubar jini ba ne? Mata da yawa in sun ga nama ya yi duhu sai su ce ba a yanka da kyau ba, ko dabbar ta jigata kafin a sa mata wuƙa.

Malam_Samaru:
Baban Zahra, jinin da ke saura a tsoka bayan yanka mai kyau kaɗan ne ƙwarai. Launin daga mayogulobin yake. Tsoka tana da zare iri biyu a taƙaice: ja mai jure doguwar tafiya, wanda ke aiki da iskar numfashi yana ƙona mai a hankali, da kuma fari mai ƙarfin nan take, wanda ke ƙona sukari. San da ke yawon kiwo kilomita da yawa kullum, abincinsa ciyawa ce mara yawan kuzari, jan zarensa ya fi yawa, mayogulobin ya fi yawa, sai naman ya yi duhu. Wanda aka ɗaure yana cin sitaci ba ya tafiya, tsokarsa tana karkata zuwa farin zare, zaren ya yi kauri, launin ya yi haske. Shekaru ma suna ƙara mayogulobin, kuma shanun daji da ke zuwa kwata galibi sun girmi na turke. Rawayar kitsen kuwa sinadarin karotin ne na ɗanyar ciyawa, alamar lafiya ce, ba cuta ba. Sai dai in rawayar ta shiga har jijiya da farin ido da cikin jijiyoyin jini, wannan ciwon shawara ne, aikin likitan duba nama ne.

Rabin maganar matan da ke daidai shi ne na jigata. Wannan wani duhun ne daban.

Likita_Kawo:
Bari in ɗauki wannan, don a nan ne asarar masu kiwo ta fi yawa. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, tsokar dabba mai rai tana kan 7 ko sama kaɗan. Bayan yanka, sukarin da ke ajiye a tsoka, gilaikojin, yana juyewa ya zama tsamin laktik, pH ya sauka zuwa tsakanin 5.4 da 5.7 cikin kamar awa 24. Wannan ɗan tsamin ne ke sa nama ya yi ja mai kyau, ya yi ɗanɗano, ya kuma jima bai lalace ba. Idan sukarin ya ƙare tun dabbar na da rai, saboda yunwa ko doguwar tafiya a tirela ko duka ko faɗa da wasu bijimai a zango, babu abin da zai zama tsami. Sai pH ya tsaya a 6 ko sama, furotin ɗin ya riƙe ruwa gam, naman ya yi duhu kamar hanta, ya yi danƙo a hannu, samansa a bushe, kuma ya riga kowane nama wari.

Inda abinci ya shigo: san da ke cin dusa da hatsi yana da ajiyar gilaikojin mai yawa, zai iya jure ɗan wahala bai faɗa wannan hali ba. San da ya fito daga kiwon rani ajiyarsa tana bakin ƙarewa tun kafin a ɗora shi a mota. Kuma shanu ba sa mayar da ita da sauri. Bayan ta ƙare, kwana uku zuwa sama da mako take ɗauka, gwargwadon abincin. Hutun dare ɗaya da ruwa yana rage gajiya, amma bai cika ajiyar ba.

Dillali_Zango:
Likita, maganarku gaskiya ce amma wa zai ajiye sa mako guda a Zango yana ciyar da shi? Shanun da aka sauke daga Maigatari ko Wudil yau, gobe da asuba wasu suna kwata. Kuɗin harawa da na mai tsaro ba mai ɗauka.

Likita_Kawo:
Alhaji, ko mako bai samu ba akwai abin da ba ya cin kuɗi. Kada a haɗa baƙin bijimai wuri ɗaya daren yanka, hawan juna da karo suna cinye gilaikojin fiye da tafiyar motar. A ba su ruwa da inuwa. A daina dukan cinya da gadon baya da sanda, don duk inda jini ya kwanta sai an yanke an zubar, kuma nan ne nama mai tsada. Mai turke a cikin Kaduna kuwa ba shi da uzuri, motarsa ba ta wuce awa ɗaya, kada ya yanke wa sa dusa kwana biyu kafin sayarwa da sunan tsimi.

MaiTurke_Rigasa:
Madalla. To a dawo kan laushin. Kitsen ne ke sa shi, ko akwai wani abu?

Malam_Samaru:
Kitse yana taimakawa, amma a shanunmu ba shi ne babba ba. Bunaji da Bokolo da Rahaji ba sa zuba kitse cikin tsoka kamar Angus na Turai ko Wagyu na Japan, nasu yana tafiya tozo da ciki da ƙarƙashin fata. Abu biyu ne suka fi aiki.

Na farko kolajin. Sa mai girma da sauri kullum yana rushe tsohuwar yana yana saƙa sabuwa don tsokar ta samu wurin faɗaɗa. Sabon kolajin ɗaurinsa sakwa-sakwa ne, zafi kaɗan ya narke. Wanda ya shekara biyar yana ramewa da rani yana murmurewa da damina, kolajin ɗinsa ya tsufa, ɗaurin ya ƙulle, ba ya narkewa sai da doguwar dahuwa. Ciyarwa mai kyau ta kwana 90 zuwa 120 tana ƙara kason sabon, kuma zaren tsokar da ya yi kauri yana rage yawan yana a kowace loma.

Na biyu wani almakashi ne na cikin tsoka da ake kira kalfen. Bayan yanka shi ke yanyanka ƙananan furotin da ke ɗaure zare da zare, irin su desmin da titin, naman ya saki. Yana da mai taka masa birki, kalfastatin. Shanu masu tozo gaba ɗaya kalfastatin ɗinsu ya fi na shanun Turai ƙarfi, wannan gado ne, dusa ba ta goge shi. Amma dabbar da ke cikin ƙaruwa lokacin da aka yanka ta, injin rushewa da ginawa yana cikin aiki, almakashin ya fi samun dama fiye da a wadda aka yanka tana cikin rama.

Injiniya_Barnawa:
Ina da ja a wuri ɗaya, Malam. Wannan almakashin sai an ba shi lokaci. A ƙasashen da ake auna laushi, ana rataye gawar sa a ɗakin sanyi mai digiri 0 zuwa 4 na mako ɗaya zuwa biyu, masu tozo har uku. A Kaduna an yanka da asuba, ƙarfe goma yana kan tebur a Kasuwar Barci ko Kawo, azahar yana tukunya. A lokacin ma naman bai gama sandarewa ba, ko kuma yana tsakiyarta, wanda shi ne mafi taurin lokacinsa. Ke nan kalfen bai yi komai ba tukuna. Abin da mai saye a nan ke ji na laushin naman turke, kolajin ne da maiƙo da ƙarancin shekaru.

Malam_Samaru:
Na karɓi gyaran, Injiniya. Ga mai sayar wa otal ko kantin da ke da ɗakin sanyi ne maganar kalfen ke zama kuɗi.

Injiniya_Barnawa:
Kuma ko a can akwai tarko. In aka sanyaya nama ya sauka ƙasa da digiri 10 tun bai kai awa goma da yanka ba, zaren yana takurewa da ƙarfi, kuma ba ya sake saki ko an ajiye shi mako biyu. Gawar ramammen sa ta fi faɗawa wannan, don ba ta da rufin kitse a baya da zai rage saurin shigar sanyi. Ga wata hanyar da abinci ke kare laushi ba tare da ya taɓa furotin ɗin kai tsaye ba. Mafi muni shi ne a jefa nama mai ɗumi cikin firiza ya daskare kafin ya sandare. Ranar da aka narkar da shi zai takure lokaci ɗaya, ya zubar da ruwa cike da roba, ya dahu kamar igiya. A bar shi a firij na ƙasa kwana ɗaya zuwa biyu tukuna, sannan firiza.

UmmuKhalil:
Wannan na firiza ya kamata ya isa kunnen mata kafin babbar sallah. Allah ya saka da alheri.

Ardo_Kachia:
Ku yi haƙuri, kamar ana ɗora wa kiwon daji laifin da ba nasa ba. San daji na watan Oktoba daban, na watan Afrilu daban. Daga Yuni zuwa Satumba gamba da kyasuwa suna ɗanye, dabba na ƙaruwa, a kaka kuma ta shiga gona ta ci harawa da kara da ragowar zangarniya. Ɗan shekara uku da aka yanka a ƙarshen kaka namansa ba ya jin kunya a gaban na turke, ga ƙanshi da na turke ba shi da shi. Wanda kuke kira naman daji mai tauri, yawanci tsohuwar saniya ce da ta daina haihuwa ko san huɗa da ya gama aiki, aka sayar a bazara don babu abin ba shi.

Likita_Kawo:
Ardo, ranku ya daɗe, wannan gaskiya ce. Lissafin ma yana bayanku. Ɗanyar ciyawar farkon damina furotin ɗinta yana kai kashi 10 ko fiye. Busasshiyar ta Fabrairu da Maris tana sauka zuwa kashi 2 zuwa 4. Ƙwayoyin tumbi suna buƙatar aƙalla kamar kashi 7 kafin su iya narkar da ciyawar yadda ya kamata. Ƙasa da haka cin abinci ma raguwa yake, dabbar ta ƙone kitsenta, sannan ta koma rushe tsokarta. Zaren tsoka ne ke sirancewa, farin zaren ya fi saurin tafiya, amma kolajin yana nan bai ragu ba. Shi ya sa naman ramammiyar dabba duk yana ce da jijiya. Kilo ɗaya na kek ɗin auduga a rana, ko 'ya'yan gawo inda ake samu, ko harawa kilo biyu, yana tsayar da wannan zubewar.

Ɗalibi_Mando:
Akwai amfanin ɗanyar ciyawa da ba a ambata ba, bitamin E. Yana taruwa a tsoka ya hana mayogulobin juyewa ruwan ƙasa, ya hana kitse yin ɗaci. Naman da aka ciyar da dusa da busasshen kara zalla ya fi saurin dusashewa a tebur. A gidajen kitso na Amurka suna ƙara bitamin E a abinci na kusan kwana 100 na ƙarshe saboda wannan.

MaiTurke_Rigasa:
To a ba mu haɗi da awo, don mu san inda muke kuskure. A ce sa mai kilo 250.

Alhaji_MaiDusa:
Sa yana cin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa na busasshen abinci a rana. Mai kilo 250 ke nan kusan kilo 7. Raba shi: kilo 4 zuwa 4 da rabi haɗin dusa, kilo 3 harawa da yankakken kara. Haɗin kilo 100 kuwa: dusar masara 55, dusar alkama 20, kek ɗin auduga 22, gishiri 1, garin dutsen farar ƙasa irin na abincin kaji 2. Wannan haɗin yana kan furotin kashi 14 da ɗoriya, in an gama da harawa da kara jimillar ta sauka kusan 12, daidai bukatar san da ke girma. Ruwa lita 30 zuwa 40, a bazara ya wuce haka. A raba abincin safe da yamma, harawa ta riga dusa shiga ciki.

Dutsen farar ƙasar kada a raina shi, shi ke kawo kalsiyam. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, in aka bar ta haka tsakuwa na toshe wa sa mafitsara. Kuma kada a cika masa kwano ranar farko. A fara da kilo ɗaya, a riƙa ƙara rabin kilo duk kwana biyu ko uku har mako biyu zuwa uku. Wanda ya zuba wa baƙon sa dusa da hatsi lokaci ɗaya, tumbin zai yi tsami, tuƙa ta tsaya, kashi ya tsinke yana kumfa, daga baya kofato ya yi zafi ya riƙa ɗingishi, a kwata kuma a tarar da ƙuraje masu ruwa a hanta.

In babu sikeli: zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da santimita, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, a raba da 10,840. Zai ba ka kilo kusa da gaskiya.

BabanZahra:
Alhaji, in aka ninka kek ɗin fa? Tunda furotin ke gina tsoka, ba zai ninka naman ba?

Malam_Samaru:
Ba a nan gizo ke saƙar ba. San da Alhaji ya lissafa yana cin furotin kusan giram 840 a rana. In yana ƙaruwa giram 800 a rana, wanda Bunaji mai lafiya ke iya yi a turke, furotin ɗin da ya zauna a jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya ci ba. Iyakar ginin tsoka tana hannun gado da shekaru da kuzarin da ke cikin abincin. Abin da ya wuce bukata tumbi na mayar da shi amoniya, hanta ta mayar da shi yuriya, ya fita a fitsari. Za ka ji warin a garken. Yawan zaren tsoka ma an gama ƙidaya shi tun maraƙi na ciki, bayan haihuwa kauri da tsawo kawai yake ƙarawa. Shi ya sa saniyar da ta sha yunwa a tsakiyar cikinta take haifar maraƙin da ba zai taɓa cika kamar ɗan'uwansa ba.

Mahauci_TudunWada:
A duba haƙori kafin a saya. Mai manyan haƙora biyu zuwa huɗu a gaba, wato shekara biyu zuwa uku da ɗan kai, shi ke mayar da dusa tsoka. Mai takwas da suka fara cinyewa ya gama girma, abin da zai tara yawanci kitse ne a tozo da ƙoda da hanji. A irin wannan san masu cewa kitse kawai aka ƙara ba su yi ƙarya sosai ba.

Alhaji_MaiDusa:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Sarkin Fawa. Babban sa ramamme mai ƙashi da faɗi shi ne ribar turke. Zaren da ya sirance da rani yana sake cika da sauri, watan farko sai ka ga kamar ana hura shi.

Likita_Kawo:
Ku duka kuna da hujja, amma a yi hattara da watan farkon. Kaso mai yawa na wannan nauyin cikar tumbi ne da ruwa, sannan hanta da hanji da suka ƙanƙance da yunwa su ne ke fara dawowa. Tsoka tana biyo baya, kitse a ƙarshe. Wanda ya sayar a kwana 30 ya sayar da ciki ne, mahauci zai gane a sikeli. Bayan kwana 120 kuma ƙaruwar ta koma kitse, kuma kilo ɗaya na kitse yana cin abinci ninkin na kilo ɗaya na tsoka sau da dama, tunda ita tsoka kashi uku cikin huɗu ruwa ce. Duk wannan in an fara da maganin tsutsar ciki da na ƙwarin hanta, an cire kaska, an duba sammore ga wanda ya fito daga kudancin jihar inda tsando yake. Dabbar da ke zubar da furotin ta hanji ko jininta ya yi ƙasa, dusa ba ta gina ta.

Dillali_Zango:
Masu yi wa sa allurar kumbura fa? Ana ganinsu gab da sallah, sa ya yi sumul cikin mako biyu.

Likita_Kawo:
Yawanci dekzametason ne ko danginsa, kuma wallahi cuta ce ga dabbar da mai ci. Maganin kumburi ne, ba na girma ba. In aka daɗe ana yi, rushe furotin ɗin tsoka yake, ya raunana garkuwar jiki, cutar da ke kwance ta tashi. Cin abinci da shan ruwa ne ke ƙaruwa na ɗan lokaci, ido ya ga kamar ƙiba. Haka masu yin allurar oksitetirasaikilin mai dogon aiki su sayar bayan kwana uku. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka, a karanta. Kuma a yi allura a wuya, ba a cinya ba, don wurin yana zama tabo mai tauri da sai an yanke.

Ko magungunan da ke ƙara tsoka da gaske, irin zilfaterol da aka amince da shi a Amurka amma Tarayyar Turai ta hana, suna yin haka ne ta rage rushewar furotin, kuma an san naman yana ƙara tauri. Yawan tsoka da laushinta ba kullum suke tafiya tare ba.

Ɗalibi_Mando:
Tambaya kan yuriya, tunda Malam ya ce ƙwayoyin tumbi ne ke gina furotin. Takin yuriya zai iya maye gurbin kek?

Malam_Samaru:
Wani ɓangare kawai, kuma da tsoron Allah. Yuriya tana da naitirojin kashi 46, ƙwayoyin tumbi na iya gina furotin da ita in akwai sitaci ko ruwan rake tare. Kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na dukan busasshen abincin, ga mai kilo 250 ke nan giram 70 ne iyaka a yini, a gauraye sosai, a kai can a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Ba a ba maraƙin da bai fara tuƙa ba, ba a ba mayunwacin sa, ba a narka ta a ruwan sha. In ta yi yawa, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya za a ga dalala da rawar jiki da kumburi. Hanya mafi aminci ita ce jiƙa kara ko bambaron shinkafa: yuriya kilo 4 a ruwa lita 50 zuwa 60, a yayyafa wa yankakken kara kilo 100, a danne a rufe da leda ba iska mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Ma'aikatan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, sun san wannan aikin, wanda ke kusa da Zariya ya je ya gani da ido kafin ya gwada.

Hajiya_MaiKilishi:
Kuna ta neman laushi da maiƙo, amma ba kowace sana'a ke son su ba. Kilishi tsokar cinya yake so mara kitse, mai dogon zare da za a fere ta yi faɗi kamar takarda ba ta yage ba. Naman turke da ya yi maiƙo sosai ba ya bushewa da kyau, kuma bayan 'yan makonni kitsen yana ɗaci. Wanda ya yi duhu da danƙo irin na jigatacciyar dabba, da Likita ya kwatanta, shi ma ba ya sakin ruwa a rana. Dambun nama ma tsoka zalla yake so. Mai tsire da balangu ne ke neman na turke.

UmmuKhalil:
Hajiya ta faɗi gaskiya. A miya ma ƙwauri da wuya na babban sa sun fi, in an ba su wuta a hankali awa biyu zuwa uku yanar ta narke romon ya yi kauri. Wuta mai ƙarfi ta minti talatin ce ke mayar da su roba. Ɗanyar citta da ganyen gwanda kuwa suna yanka furotin da gaske, amma saman yanka kawai suke kamawa, sai an yanka naman ƙanana.

BabanZahra:
Har yanzu ban ji amsar wanda ya fi gina jiki ba.

Malam_Samaru:
A giram 100 na tsoka zalla, dukansu suna tsakanin giram 20 da 23 na furotin, kuma ingancinsa ɗaya. Na daji kan ɗara da giram ɗaya ko biyu don kawai kitse bai ci masa wuri ba. Bambancin da ya fi girma yana cikin kitsen: na ciyawa ya fi yawan omega-3 da karotin da bitamin E. In kuma sa guda ake lissafi, na turke ya fi ba da kilon tsoka nesa ba kusa ba.

Ardo_Kachia:
Malam, sa guda da kuɗin dusa nawa? A sa wannan ma a sikelin.

MaiTurke_Rigasa:
Alhaji MaiDusa, a haɗin nan naku, in kek ɗin auduga ya yi tsada aka samu ƙuli-ƙulin gyaɗa, kilo nawa za a sa a madadin 22 ɗin?

Alhaji_MaiDusa:
Kilo 12 zuwa 13, tunda nasa furotin ya haura kashi 40, sai a cike gurbin da dusar masara. Amma a fasa a duba cikinsa a shinshina. Wanda ya yi fumfuna ko ɗaci a bar shi, gubarsa hanta take kamawa. Kuma kowar wake in ta samu da araha bayan girbi, tana iya ɗaukar rabin gurbin harawa.